Yadda zaka zaɓa tsakanin jona akwatuna da rubuta kod idan yanzu ka fara haɗa gem

Duk wanda ya fara sha'awar haɗa gem sai ya ci karo da wannan gardamar, wasu su ce maka kar ka ɓata lokacinka da jona akwatuna je ka koyi kod na gaske, wasu kuma su ce ai yanzu ba sai ka iya rubuta layi ko ɗaya ba. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu suna ɓoye maka abu ɗaya, shine aikin da ƙwaƙwalwarka zata yi iri ɗaya ne ko ta ina ka bi. Jona akwatuna yana ɗauke maka wahalar haddace yadda ake rubuta umarni da kuskuren mance waƙafi ko baka, amma baya ɗauke maka tunanin "idan kaza ya faru a yi kaza". Saboda haka maimakon ka zauna kana karanta musun mutane, ga hanyar da zaka gwada da hannunka cikin ƴan kwanaki ka san wanda ya dace da kai.

Da farko ka gane abubuwan da ake magana a kai

Jona akwatunan nan, wanda ake kira bijuwal sikiriftin, ba iri ɗaya bane, kala uku ne a ƙalla kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai na bulo-bulo irin na Scratch wanda MIT suka fitar a 2007, kana jawo bulo ka liƙa shi ƙarƙashin wani. Akwai na jadawali irin na GDevelop da Construct 3, inda kowane layi yake da sharaɗi a hagu da aiki a dama. Sai kuma na akwatuna da igiyoyi, wanda shine Blueprint na Unreal Engine da ya zo tare da Unreal Engine 4 a 2014 ya maye gurbin Kismet, da kuma Visual Scripting na Unity wanda asalinsa Bolt ne, Unity suka saye shi a 2020. GameMaker ma yana da nasa, GML Visual, kusa da rubutaccen GML.

A ɓangaren rubutu kuma, Unity da C# yake aiki, Unreal da C++, Godot da GDScript wanda yayi kama da Python sosai. Wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu kar tsohon bidiyo ya ruɗe ka: Godot ya taɓa samun nasa tsarin akwatunan mai suna VisualScript amma sun cire shi daga Godot 4.0 da ya fito a 2023, dalilinsu shine mutane kaɗan ne suke amfani da shi kuma GDScript ɗin da kansa bashi da wuyar da zata sa a guje shi.

Mataki na 1: duba kwamfutarka kafin ka duba burinka

Unreal yana son kwamfuta mai ƙarfi, RAM mai yawa da katin zane na kirki da fili babba a diski, idan laftof ɗinka ta ofis ce kawai to zaka ƙare kana jiran abu ya buɗe ne ba koyo ba. Godot da GDevelop basu da nauyi kuma kyauta ne, GDevelop da Construct 3 ma suna buɗewa a cikin burauza, Godot da GDevelop kuma suna da manhajar Android duk da dai aiki a ƙaramin sikirin akwai takura. Don wannan gwajin ka sauke GDevelop da Godot 4, su biyun sun isa.

Mataki na 2: rubuta gem ɗin a takarda da Hausa

Kar ka tsallake wannan dan Allah, nan ne asalin darasin yake. Gem ɗin da zamu yi ƙarami ne: kwando a ƙasan sikirin yana tafiya hagu da dama, tsabobi suna faɗowa daga sama, ka cafe ɗaya maki ya ƙaru, uku suka wuce ka an cinye ka. Ɗauki biro ka rubuta dokokinsa layi-layi:

Idan an fara, maki sifili ne, rai uku ne.
Idan an danna hagu, kwando ya matsa hagu. Dama ma haka.
Duk bayan daƙiƙa ɗaya, sabuwar tsaba ta fito a sama a wani wuri na kan-mai-uwa-da-wabi.
Idan tsaba ta taɓa kwando, a goge tsabar, maki ya ƙaru da 1.
Idan tsaba ta wuce ƙasan sikirin, a goge ta, rai ya ragu da 1.
Idan rai ya kai sifili, a sake farawa.

Toh kaga wannan takardar, ita ce furogiram ɗin. A cikinta akwai ma'ajiyar lamba guda biyu wato maki da rai, waɗanda masu kod ke kira bariyebul, akwai sharaɗi, akwai agogo, akwai karo tsakanin abu biyu. Duk abin da ya rage fassara ta ne zuwa yaren da injin, wato manhajar haɗa gem irin GDevelop ko Godot, yake ji, kuma sau biyu zamu fassara.

Mataki na 3: fassara ta farko, a GDevelop

Buɗe sabon aiki, ka ƙirƙiri abu biyu irin Sprite, wato abu mai hoto, ɗaya ka sa masa suna Kwando ɗaya Tsaba, kowane hoto ka samu ka ɗora ko da murabba'i ne mai launi, kar ka tsaya zane yanzu. Jawo Kwando ka ajiye a ƙasan fili. Ƙara abu na rubutu don nuna maki. Sai ka shiga shafin Events ka fara ɗaukar layukan takardarka ɗaya bayan ɗaya.

Layin farko sharaɗinsa At the beginning of the scene, aikinsa saita maki zuwa 0 da rai zuwa 3, sannan ka tada agogon fili ka bashi suna. Mutane da yawa suna mance tada agogon nan sai su yi ta mamakin me yasa tsaba bata fitowa, agogon da ba a tada ba baya ƙirga komai.

Layin motsi shine inda zaka koyi abu mafi muhimmanci a duk harkar gem. Injin yana bin jadawalin nan daga sama zuwa ƙasa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, yawanci sau 60, kowane zagaye shine firem ɗaya. Idan ka ce "in an danna dama a ƙara 5 a kan X na kwando", to a na'urar da ke yin firem 60 kwandon zai yi tafiyar fiksel 300 a daƙiƙa, a wadda ke yin 30 kuma 150 kacal, kaga gem ɗaya ya zama gudu biyu. Maganinsa ka ninka gudun da tsawon lokacin da firem ɗin ya ɗauka, a GDevelop sunansa TimeDelta, sai ka rubuta 300 sau TimeDelta, kowace na'ura kwandon zai yi 300 a daƙiƙa. Riƙe wannan da kyau don zaka sake haɗuwa da shi a Godot da sunan delta, a Unity da sunan Time.deltaTime, a Unreal kuma Delta Seconds. Lura kuma ko a nan cikin tsarin da aka ce "babu kod" sai da ka rubuta lissafi da hannu a cikin ɗan akwati.

Na tsaba: sharaɗi shine agogo ya wuce daƙiƙa 1, aiki shine a ƙirƙiri Tsaba a X na RandomInRange daga 0 zuwa faɗin sikirin, Y kuma ɗan sama da sifili kamar -50, a bata ƙarfin turi na dindindin zuwa ƙasa, a mayar da agogo sifili. A nan Y ƙaruwa yake idan kana sauka ƙasa, saɓanin yadda aka koya mana a lissafin makaranta, Godot ma haka yake a 2D.

Sai karo. Sharaɗi: Tsaba ta yi karo da Kwando. Aiki: goge Tsaba, ƙara 1 a maki, sabunta rubutu. Tsaya ka tambayi kanka, tsabobi biyar ne a sikirin, ya aka yi injin ya san wacce zai goge? GDevelop yana da wata ɗabi'a, sharaɗin da ke hagu yana tace abubuwa, aikin da ke dama kuma yana taɓa waɗanda suka tsallake tacewar ne kawai. Wannan sauƙi ne babba amma kuma ɓoyayyen abu ne, ranar da ka sa aikin gogewa a layin da bashi da sharaɗin tacewa duka tsabobin zasu ɓace lokaci ɗaya kuma babu wani jan rubutu da zai gaya maka dalili.

Ƙarasa sauran layi biyun da kanka, danna Preview, ka buga.

Mataki na 4: fassara ta biyu, a Godot da rubutu

Yanzu ka ɗauko takardar nan dai, ba sabuwa ba. A Godot komai nod ne a cikin sin, nod shine ɓangare ɗaya mai aiki ɗaya kamar hoto ko agogo, sin kuma tarin nod ne da aka haɗa aka adana tare. Yi sin na kwando: Area2D a sama, ƙarƙashinsa Sprite2D da CollisionShape2D, ka tabbata ka ba CollisionShape2D ɗin siffa in ba haka ba karo bazai taɓa faruwa ba. Yi wani sin irinsa na tsaba ka adana daban. Sai babban sin mai ɗauke da kwando da Timer da Label.

Liƙa wa kwando sikirif, wato fayil ɗin kod, ka rubuta:

extends Area2D
var gudu = 300

func _process(delta):
    var gefe = Input.get_axis("ui_left", "ui_right")
    position.x += gefe * gudu * delta

Kwatanta shi da layuka biyun da ka yi a GDevelop. _process shine zagayen kowane firem, get_axis yana bada -1 idan an danna hagu, 1 idan dama, 0 idan ba a danna komai ba, ga delta ɗinmu nan kuma ya dawo. Sunayen gudu da gefe ni na zaɓa, zaka iya sa sunan Hausa a duk ma'ajiyar da ka ƙirƙira injin ba ruwansa, sai dai ka guji haruffa masu ƙugiya don kar ka wahalar da kanka wajen bugawa.

Tsaba ma haka, a cikin _process nata ka rubuta position.y += 200 * delta, idan position.y ya wuce tsawon sikirin, wanda a sabon aikin Godot 4 yake 648, ka rage rai ka kira queue_free don a goge ta. Timer ɗin ka sa masa daƙiƙa 1 ka kunna Autostart, ka jona siginarsa ta timeout, wato sanarwar da yake aikawa idan lokacin ya cika, zuwa babban sikirif, a ciki ka yi instantiate na sin ɗin tsaba don samar da sabon kwafinta, ka bata wuri da randf_range, ka yi add_child don ta shiga babban sin. Karo kuma siginar area_entered ce ta kwando, ita zata miƙo maka ainihin tsabar da ta taɓa shi a hannu, kai zaka ce a goge wannan ɗin. Abin da GDevelop ya yi maka a ɓoye kenan, a nan kana ganinsa ƙuru-ƙuru.

Zaka sha jan rubutu a wannan matakin, babu makawa. GDScript yana kula da tazarar farkon layi, idan ka cakuɗa Tab da Space zai ƙi tashi, idan ka mance ɗigo biyu (:) a ƙarshen layin if ko func zai ƙi, Position da babban baƙi daban yake da position. Karanta saƙon a hankali, yana faɗa maka lambar layin da matsalar take, yawanci ko a layin ne ko wanda ke samansa. Wannan wahalar ta kwanakin farko ita ce kusan duk abin da mutane ke tsoro a kod, kuma ita ce mai saurin wucewa.

Akwai wani kuskuren da ba ruwansa da hanyar da ka bi: ka nemi abu ya yi aiki alhali an riga an goge shi ko ba a taɓa ƙirƙirarsa ba. Godot zai ce maka null instance, Unity ya ce NullReferenceException, Blueprint ya ce Accessed None. Ciwo ɗaya ne, akwatuna basu hana shi.

Mataki na 5: ka ƙara wa duka biyun nauyi

Gem mai doka shida baya nuna bambanci sosai, sai ka ɗora masa kaya. Ƙara waɗannan a duka biyun: gudun tsaba ya riƙa ƙaruwa da yawan maki, a samu tsaba kala uku kowacce da makinta, a samu bam da ke cin rai, sannan a adana maki mafi yawa ko an rufe gem ɗin. Kana yi kana lura da abu uku, wanne ne ya fi saurin ginuwa, wanne ne ka fi gane shi idan ka dawo bayan kwana biyu, wanne ne kuma idan ya lalace ka fi saurin gano inda ya lalace.

Abin da galibi zaka gani shine duk abin da ya shafi "wannan ya faru sai wancan ya biyo baya", kamar buɗe ƙofa, kunna sauti, halin abokin gaba da ke sintiri sai ya hango ka sai ya biyo ka, yana da daɗin gani a akwatuna don idonka na bin hanyar. Shi yasa ma ƙwararru basu raina shi ba, Hollow Knight da ya fito a 2017 an yi amfani da PlayMaker, wani tsarin akwatuna, a cikin Unity wajen tsara halayen abokan gaba da yawa a cikinsa, kuma manyan kamfanonin da ke aiki da Unreal masu tsara matakai da Blueprint suke aiki kullum. Amma lissafi da jerin bayanai da maimaita abu sau ɗari, nan rubutu yake cin kasuwarsa. Layi ɗaya kamar gudu = 200 + maki * 5 a Blueprint sai ka jawo akwatin karanta maki, akwatin ninkawa, akwatin tarawa, akwatin saitawa, da igiyoyin da zasu haɗa su, lissafin ya ɗan yi tsawo kuwa shafin ya koma saƙar gizo-gizo kai da ka yi shi ma ka kasa bin zaren.

Mataki na 6: yanke shawara

Idan burinka ƙananan gem na 2D kai kaɗai, kuma ka ji daɗin GDevelop, zauna a nan ka gama gem biyu ko uku, ranar da jadawalin ya gaza akwai wurin saka JavaScript a cikinsa, Construct 3 ma haka. A GameMaker zaka iya duba rubutaccen GML da akwatunanka suka zama har ma ka juya su zuwa kod, hanya ce mai kyau ta koyo sai dai juyawar bata komawa baya, ka ajiye kwafi tukunna.

Idan Unity kake nufi ni shawarata ka tafi C# kai tsaye. Yawancin darussa da amsoshin da zaka samu a intanet da C# aka rubuta su, kuma akwatunan Unity sunayen umarnin C# ɗin ne dai aka zuba a cikinsu, sai ka san Transform mai riƙe da wurin da abu yake da Rigidbody mai kula da nauyi da turi ko ta wace hanya, kaga wahalar bata ragu sosai ba taimakon ne ya ragu.

Idan Unreal ne kuma kwamfutarka zata ɗauka, fara da Blueprint ba tare da jin kunya ba, C++ na Unreal ba wurin fara koyo bane. Farar igiya ita ce ke nuna jerin yadda aiki ke gudana, masu launi kuma bayanai suke ɗauka, ja na eh ko a'a, kore na lamba mai ɗigo, ruwan ɗorawa na bekta, wato lambobin X da Y da Z a haɗe. Event BeginPlay shine "idan an fara", Event Tick shine kowane firem, Branch shine "idan". Kar ka tara kaya a kan Tick don Blueprint ya fi C++ nauyi wajen gudu kuma a firem 60 abin da kake da shi duka bai kai milisakan 17 ba, yi amfani da agogo ko siginar karo a inda zai yiwu. Da zarar akwatuna sun yi yawa ka zaɓe su ka yi Collapse to Function ka ba abin suna mai ma'ana, ka danna C ka kewaye rukuni da bayani. Daga baya idan ka fara C++, alamar BlueprintCallable tana mayar da aikin da ka rubuta ya zama akwati a Blueprint, haka ƙungiyoyi da yawa suke yi, masu kod su gina ƙashin, masu tsarawa su jona.

Sai maganar aiki da wasu, wadda sabon shiga baya tunawa sai ta same shi. Fayil ɗin kod rubutu ne zalla, mutum biyu zasu iya gyara wurare daban-daban a cikinsa Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayil, ya haɗe musu, kuma zaka ga layin da aka canza da wanda ya canza shi. Fayil ɗin Blueprint kuwa .uasset ne, Git baya iya haɗe gyara biyu a cikinsa, idan ku biyu kuka taɓa ɗaya to aikin mutum ɗaya zai tafi, shi yasa ake kulle fayil kafin a taɓa shi da manhajoji irin su Perforce ko Git LFS. Neman taimako ma haka, kod zaka kwafa ka liƙa ko ka saka saƙon kuskuren a Google, akwatuna kuwa yawanci sai ka ɗauki hoton sikirin uku huɗu mai taimakon yana zuƙowa yana neman inda igiya ta nufa. Idan kuma kana hangen aikin furogiramin a wajen gem, C# da JavaScript da C++ suna da kasuwa a wasu fannonin, GDScript kuma zai sauƙaƙa maka shiga Python, Blueprint kuwa a cikin Unreal kaɗai yake aiki.

Mataki na 7: idan ka fara da akwatuna kana son tsallakawa

Kar ka jefar da aikinka ka fara daga sifili da wani kwas mai awa arba'in. Ɗauki ƙaramin abu ɗaya a gem ɗin da ka riga ka gama, misali ƙirga maki, ka sake shi da rubutu, sauran ka bar su yadda suke. Kod ɗin da ka gani a darasi kar ka kwafa ka liƙa, buga shi da yatsunka, sannan ka canza lamba ɗaya ka yi hasashen abin da zai faru kafin ka danna kunnawa. Sa print a wuraren da kake shakka don ka ga ko layin yana gudana da kuma abin da ke cikin ma'ajiyar a lokacin, a Blueprint Print String ne ke wannan aikin. A editan Godot idan ka riƙe Ctrl ka danna sunan umarni zai buɗe maka bayaninsa nan take ba sai da intanet ba. Idan ƙirga makin ya yi aiki sai ka ɗauki motsin kwando, bayansa agogon tsaba, karo ka bar shi a ƙarshe don shine mai buƙatar ka fahimci sigina da kyau.